Mai Kai Kofi a Gaban Kwamiti

Washington, farkon Maris

Gwaggo Orpha,

Na gaishe ki, na kuma gaishe ki. Yaya ƙafar nan taki, har yanzu tana kumbura in sanyi ya sauko? Ki gaida Fasto da iyalinsa, da matan da kuke ɗinkin bargo ranar Laraba. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tari da na kwaso a tashar bas, shi ma ya kusa barina. Na so in buga waya, amma kin san wayarmu ta Sorrel Branch, duk unguwa layi ɗaya, kafin in ce "Gwaggo" matar maƙwabcinmu Delmer ta ɗaga nata kan wayar tana numfashi. Shi ya sa na zauna rubutu. Ki yi haƙuri da hannun, kin san inda na tsaya a makaranta.

Gwaggo, an kawo mini sammaci.

Ina kicin ɗin fadar shugaban ƙasa ina goge farantai wani mutum ya leƙo ya ce wace ce Twyla Begley. Na ce ga ni. Ya danƙa mini takarda ya juya, ko sannu babu. Na kai wa Anti Ernestine, shugabarmu ta kicin, don ita ta tsufa a ginin nan. Ta sa tabarau ta karanta, ta dube ni, ta kira ni da sunan da take tsokanata don daga ƙauyen duwatsu na fito, ta ce, "Ke 'yar kan dutse, cokali nawa kika sata har majalisa ke nemanki?" Na ce wallahi ko ɗaya. Ta ce, "Da ma cokalin ne, da ya fi miki sauƙi."

Abin da na gane, kwamitin majalisa ne ke bincike a kan dam ɗin Kamfani, wanda ke saman ƙauyenmu, mai riƙe da baƙin ruwan wankin kwal. Wai bara gwamnati ta tura masu duba shi, suna kan hanya aka ce su dawo. Wai kuma kafin nan kaɗan manyan Kamfani sun zo sun ci abincin rana a ofishin Mista Corwin, mai ba shugaban ƙasa shawara. To ranar ni na kai musu kofi. Iyakar laifina ke nan.

Washegari aka kira ni sama wajen wani lauya, Mista Ferris. Dogo ne, mai sanyin murya, har kujera ya ja mini, ya ce da ni "Miss Begley", abin da ba a taɓa ce mini ba tunda aka haife ni. Ya ce shugaban ƙasa yana da wani hurumi. Duk maganar da masu ba shi shawara suka yi a ɗaki sirrinsa ce, majalisa ba ta da ikon tono ta sai da yardarsa. Ya ce kuma yawancin 'yan kwamitin nan 'yan ɗaya jam'iyyar ne, ba dam ne ya dame su ba, zaɓe suke hange. Ya tambaye ni yadda aka yi ranar, na gaya masa duka. Ya gyaɗa kai ya ce to daga yau maganar ta tsaya nan. In na ce na ji, amsa ce. In na ce ban ji ba, ita ma amsa ce. Kuma ba ni da izinin ba da ko wacce, ko ga kwamiti, ko ga dangi, ko a wasiƙa. Ya ce ranar zaman yana bayana, kada in ji tsoro, za su kula da ni. Da na tashi fita ya miƙo hannu, na kama shi sosai, yadda marigayi Baba yake yi in ya gama ciniki da mutum. Kin san mu, in aka kai ga hannu an gama.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Muna da yawa masu kai tire a ginin nan, ya aka yi suka san ni ce? Ni dai ke kaɗai na rubuta wa bara cewa na ga mutanen Kamfani da idona. Ban ce ke ce ba, Gwaggo. Tambaya nake.

'Yarki,
Twyla


Sorrel Branch, Kentucky

Twyla,

Wasiƙarki ta zo. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta. Tarin nan ki sha zuma da ruwan zafi, ki daina fita da gashi a jiƙe, na san halinki. Fasto yana amsawa.

Kada ki wahalar da kanki da zagaye-zagaye. Ni ce.

Wani yaro ya zo daga kwamitin nan da takalminsa na birni, laka ta cinye masa ɗaya tun a bakin gada. Ya tara mu a ƙasan coci, ya ci wakena da burodin masara har ya nemi ƙari, ya ce ko akwai wanda ya san wani abu. Maza duk suka sunkuyar da kai, don rabinsu a Kamfani suke ci. Na miƙe na ce 'yar ƙanena tana can, ita ta zuba musu kofi. Ko gobe ya dawo zan sake faɗa.

Ke kina can kina goge farantai masu bakin zinare, ba ki ga abin da muke gani ba. Gindin dam ɗin nan yana tsatsar da ruwa. Na hau da sandata na gani, baƙi ƙirin, yana bin ciyawa yana gangarowa rafi. Na tare Delmer da zai tafi aiki a Kamfani na ce masa mene ne wannan. Ya ce, "Haba Gwaggo, gumi ne, kowane dam yana gumi." Na ce, "Kai ma kana gumi, Delmer, tun da na fara tambayarka." Bai yi dariya ba.

Kin san in abin nan ya fashe gidan wa zai fara samu. Nawa. Daga ni sai gidan Hobart mai shago, sai coci. A ɗakin baya na gidan nan na raine ki bayan uwarki ta rasu, tagarsa ma dam ɗin take kallo.

Don haka ni ba ruwana da hurumin kowa. Shugaban ƙasa bai san da ni ba, ni ma ban taɓa ganinsa ba sai a kalanda. Ki ɗauki biro ki gaya mini abin da suka ce a ɗakin nan. Sun san zai fashe ne suka hana a duba? Layi ɗaya ya ishe ni.

Kuma wannan "za su kula da ke" da kika rubuta, na karanta na sake karantawa. Kula da me? Da me za su kula da ke? Mutum ba ya ja wa mai wanke-wanke kujera haka kawai.

Gwaggonki,
Orpha


Washington

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya. Tari ya tafi, na sha zumar.

Na ji abin da kika ce. Da kin tambaye ni kafin ki miƙe a coci, da ya fi. Yanzu in na rubuta miki layi ɗaya, ya zan yi in san ba a aljihun mai takalmi ɗaya zai ƙare ba? Kuma ko ba don haka ba, na riga na ba mutum hannuna. Ke kika koya mini wannan, ba su ba. Don Allah ki daina tambayata.

Ga kwat nan na aiko miki a kwali, mai kauri, ruwan toka. Na gan shi a wani shago ana rage kaya tunda sanyi ya kusa wucewa, na tuna naki gwiwar hannunsa ta fita.

Gwaggo, garin nan ba daɗi yanzu. A kicin in na shigo sai hira ta mutu. Yarinyar da muke haya tare ta kwashe kayanta ta koma wajen saurayinta, wai ba ta son 'yan jarida a ƙofa. In na dawo aiki ni kaɗai ce da bango. Me zai hana ki zo ki zauna da ni? Gadonta yana nan babu kowa. Ki hau bas ki taho, ki zauna har ruwan Afrilu ya wuce, ƙafarki ma ta huta da laka. Itatuwan bakin kogi sun fara fure, kowa sai zuwa kallo yake. Don Allah ki zo, kada ki ce sai kin yi shawara.

Mista Ferris ya ce gara in rage rubuce-rubuce har a gama zaman. In kin ji ni shiru, lafiya ce.

Twyla


Sorrel Branch

Twyla,

Ina gaisuwa, in har yanzu ana gaida irinku da baki. Ƙafa da sauƙi. Ruwa ya fara sauka tun makon jiya.

Na rubuta miki sau biyu, shiru. Sai ga ki a talabijin ɗin shagon Hobart, duk ƙauye a tsaye ana kallo. Riga shuɗiya wadda ban san ki da ita ba, ga makirufo ya kusa rufe miki fuska. Duk tambayar da aka yi miki, sai wannan dogon ya sunkuyo ya sa baki a kunnenki, ke kuma ki ce, "An umarce ni kada in amsa." Kamar aku. Har yara sun ɗauka, jikan Hobart uwarsa ta ce wa ya shanye madara, ya ce an umarce shi kada ya amsa. Mutane suka yi dariya. Ni na ɗauki sandata na fito.

Kwat ɗinki ya iso. Yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ban sa ba. Sai na san hannun da ya saye shi.

Yanzu maganar zuwa. Yarinyar da tunda ta tafi ba ta taɓa cewa Gwaggo zo ki ga ɗakina ba, rana ɗaya ta ce in bar gidana in taho, kada ma in tsaya shawara, kuma in zauna har ruwan Afrilu ya wuce. Twyla, ni ba yarinya ba ce. Na gane. Bakinki a ɗaure yake, shi ne kika biyo ta bayan gida don ki fitar da ni ni kaɗai. To sauran fa? Jikokin Hobart ba mutane ba ne? Na kai wa Fasto wasiƙar ya karanta, shi ma abin da ya gani ke nan. Ranar Lahadi ya faɗa a coci. Gida biyu sun kwashe 'ya'yansu sun kai wa dangi a kan tudu. Delmer ya zo har ƙofata yana ihu, wai ni da 'yar ƙanena za mu sa a rufe Kamfani kowa ya ci ƙasa. Matarsa kuwa cewa take an saya miki gida a Washington. Rabin gari na cewa maƙaryaciya ce ke, rabi na cewa an saye ki. Ni ban san rabin da zan tsaya ba.

Ba zan zo ba. In akwai magana, ki faɗe ta a fili kowa ya ji.

Na kuma ji da kunnena shugaban kwamitin ya ce in kika sake ƙin amsawa a zama na gaba za su yi ƙuri'a a kanki, laifin raina majalisa, kuma ana ɗaure mutum a kan haka. To ga aike na ba ki. Ki je wajen dogon nan naki ki tambaye shi: ranar da aka rufe ki, shi a wane ɗaki zai kwana? Ki dubi idonsa in zai ba ki amsa.

Orpha


Washington

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Lafiyata lau, sai dai abinci ba ya shiga. Wasiƙunki duka na gan su, ban amsa ba ne don an ce in yi shiru.

Wayyo Gwaggo, me kika yi haka? Wallahi tallahi kaɗaici ne ya sa na ce ki zo. Kaɗaici kawai. Na ce Afrilu ne don na san lokacin ne laka ke hana ki fita. Ki gaya wa Fasto ya sake tsayawa ya warware. Kwat kuma da gumina na saye shi, rigar shuɗiyar ta 'yar Anti Ernestine ce aka ara mini, har an ɗan kama ta da fil a baya, talabijin ne bai nuna ba. Yanzu ko gaisuwa na rubuto sai an kai coci an duba cikinta?

Ke a talabijin kika gani. Bari in gaya miki yadda yake a ciki. Suna zaune can sama a jere kamar alƙalai, ni ina ƙasa. Ashe teburin rabi biyu ne, kowace jam'iyya da nata, kuma ba sa ga maciji da juna. Akwai wata 'yar fitila a gabana, kowa minti biyar ake ba shi, in ta yi ja an gama da shi. Na ɗaya ɓangaren ya yi ta buga tebur, ya ce, "Miss Begley, e ko a'a?" Kafin in buɗe baki ya ce, "Lokacina ne, kada ki cinye mini shi!" To wa ya tambaya? Sai na ɓangaren shugaban ƙasa ya karɓa, ya ce kunya ce a jawo yarinya marainiya a tsorata ta, ya yi ta ba da labarin kakarsa da ta yi wanki da hannu, har fitila ta yi ja bai tambaye ni komai ba. Daga nan suka bar ni suka koma kan juna, wannan ya ce wancan ya janye kalmarsa, wancan ya ce ba zai janye ba. Na zauna ina jin fitsari. Sunan ƙauyenmu ma babu wanda ya faɗe shi daidai.

Mista Corwin kuwa, shi ma an ba shi sammaci irin nawa. Bai zo ba. Takarda kawai aka aiko, aka ajiye kujerarsa ba kowa aka yi ta ɗaukar ta hoto. Na ce wa Anti Ernestine ashe ana iya ƙin zuwa? Ta ce, "Shi yana iyawa. Ke gwada ki gani. 'Yar nan, in ana son a nuna an iya kamu, ai ba da babban ake farawa ba, da wanda hannu zai iya zagayewa ake farawa."

Na kai aikenki. Na hau sama na ce, "Yallaɓai, Gwaggona ta ce in tambaye ka, in aka ɗaure ni kai ina za ka kwana?" Ya yi murmushi ya ce da wuya a kai ga haka, irin wannan shari'a takan ɗauki shekaru. Na ce amma sunan wa za a rubuta a ƙuri'ar? Ya ce nawa. Na ce to kai ba lauyana ba ne? Gwaggo, bai ɓoye ba, wannan kam na ba shi. Ya cire tabarau ya ce, "Miss Begley, ni lauyan ofis ne. Ofis nake karewa. Na faɗa miki tun ranar farko." Ƙila ya faɗa, cikin irin maganarsu mai tsawo. Ya ce in ina so in nemi lauya nawa na kaina, haƙƙina ne.

Na ce to kai ka san abin da na gaya maka, me zai ɓaci in na faɗa musu? Ya ce ba abin da zan faɗa ne damuwa ba. In aka bar mai kai kofi ta amsa yau, gobe sakatariya, jibi Mista Corwin ba shi da bakin ƙi. Wai ni ce ƙofar waje, in aka buɗe ni an shiga gida.

Sai na ce to na zo in karɓi hannuna. Ya ce wane hannu? Na ce wanda na ba ka ranar, na alkawari. Ba na so in saɓa a bayan idonka, shi ya sa na zo in gaya maka a gabanka. Ya yi ta kallona, can ya ce, "Miss Begley, ai sallama kawai muka yi. Kowa ya fita ofis ɗin nan ina ba shi hannu."

Gwaggo, wata guda ina ɗauke da abin nan kamar dutse a ƙirji. Na yi faɗa da ke a kansa. Ashe shi sai an jima yake ce mini.

Ya ce in na amsa ba zai iya ce mini komai game da aikina ba. Na ce na ji. Ranar Alhamis ne zaman. Ba zan rubuta miki amsar a nan ba, kada a kai ta coci a juya ta. Ki je shagon Hobart, ki ji tare da kowa, bayan na ɗaga hannu na rantse.

Twyla


Washington

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Na ji a rediyo ana ta ruwa a wajenku.

Na san kin gani, amma bari in faɗa da bakina. Shugaban kwamiti ya ce, "Miss Begley, ina sake tambayarki, me kika ji a ofishin Mista Corwin ranar?" Mista Ferris ya sunkuyo, na matsar da kujerata gaba. Na ce zan amsa. Masu hoto suka rarrafo har gaban teburina.

Na ce na shiga da tire, na zuba kofi. Ɗaya ya ce shi ba ya shan sukari, likita ya hana shi. Suna maganar tseren dawaki, wani ya ce dokin da ya zaɓa bara har yanzu bai iso ba, suka yi dariya. Na koma na kwashe kwanuka. Ban ji an ce dam ba, ban ji an ce masu dubawa ba. Ban ji komai ba.

Shugaban ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, ranka ya daɗe. Sai ɓangaren shugaban ƙasa suka fashe da dariya, ɗaya ya ce a rubuta a tarihi, kwamiti ya gano mutumin da ba ya shan sukari. Mai buga teburin nan kuwa ya yi ja har wuya, ya ce wa ya koya mini wannan, tun yaushe ake horar da ni, na san hukuncin ƙarya bayan rantsuwa? Da na ƙi magana sun ce ina ɓoye abu. Da na yi magana sun ce an koya mini. Na fara ba shi amsa fitila ta yi ja, aka ce na gaba.

An janye maganar ƙuri'a, ba za a ɗaure ni ba. Yaron nan mai takalmi ya wuce ni a baranda kamar bai san ni ba, na bi shi na ce to yanzu yaushe za a tura masu duba dam? Ya ce ba aikin kwamiti ba ne, su rahoto za su rubuta, zai fito wajen lokacin kaka. Maganar Mista Corwin kuma tana kotu.

Washegari na je aiki, mai gadin ƙofa ya karɓi katina ya ce an ce in dakata a gida tukuna. Anti Ernestine ta fito da kanta ta miƙo mini rigar aikina da kaza a takarda. Ta ce, "Ke dai 'yar kan dutse ba ki iya komai ba. Shiru ba ki iya ba, magana ba ki iya ba." Tana faɗa tana share ido.

Gwaggo, kin ce in faɗa a fili, na faɗa. Aikin ya tafi. Ɗakin nan ma ƙarshen wata zan bar shi. Ina so in dawo gida, in kin yarda.

Twyla


Sorrel Branch

Twyla,

Lafiya muke. Rafi ya cika ya taɓa gindin gada. Waɗanda suka kai yara tudu ba su dawo da su ba, ko da Fasto ya warware.

Na je shagon Hobart, na ji. Delmer ya yi tsalle ya ce kun gani, ba komai. Hobart ya tofar da yawu ya ce yarinyar da aka yi wata guda ana raɗa mata a kunne, me kuke so ta ce. Aka juyo ana kallona. Na ce ni kallon talabijin na zo, ba wa'azi ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Na raine ki, ban taɓa kama ki da ƙarya ba, amma ban taɓa ganinki a cikin irin mutanen nan ba. Na kalli fuskarki a gilashin nan na kasa karanta ta. Wata zuciyar ta ce wadda aka saya ba a korar ta daga aiki. Wata ta ce me na sani game da yadda suke yin abinsu a can.

Ki dawo. Gidan ubanki ne kafin ya zama nawa, ba sai na yarda ba. Na share ɗakin baya, na shimfiɗa bargo. A nan za ki kwana, ba a gidan kowa a kan tudu ba. In kika ajiye jakarki kika kwanta a ƙarƙashin tagar nan kika yi barci, to na san ba ki ji komai ba, kuma duk wanda ya sake cewa an saye ki, ni da shi ne. In kuwa kin san ba za ki iya ba, kada ki ba ni dalili. Ki ce kawai kin sami wani aiki a can, zan gane.

Gwaggonki,
Orpha


Washington

Gwaggo,

Na gaishe ki. Ina tafe ranar Asabar a bas ɗin safe. Ki ce wa Hobart in zai shiga gari ya tsaya mini a tasha.

A ɗakin baya zan kwana. Abin da na rantse a kai gaskiya ne, ban ji komai ba.

Amma akwai abu ɗaya. Na fara faɗarsa fitila ta yi ja, kuma na ji tsoron rubuta miki, tunda magana ɗaya tawa ta riga ta tashi gida biyu. Ba ji ba ne, shi ya sa ban san sunan da zan ba shi ba. Da ina zuba kofin, wani mai furfura cikin mutanen Kamfani ya ji harshena, ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan ai ta wajenmu ce. 'Yan mata, daga ina?" Na ce daga Sorrel Branch, ƙasan dam. Gwaggo, babu wanda ya sake cewa uffan. Mai tambayar ya ajiye kofinsa bai sha ba. Mista Corwin ya dubi taga. Haka suka zauna har na ja ƙofa.

Ƙila ba komai ba ne. Ƙila kunya suka ji don sun yi dariyar harshena. Na juya abin nan har na gaji, ban sani ba, kuma duk garin nan babu wanda zai gaya mini.

Don haka zan kwanta inda kika ce. Amma da takalmina a ƙafa zan kwanta. Ke ma ki sa naki.

'Yarki,
Twyla